Dala da sefa: abin da ya kumbura mana ma'aunin Gini a Damagaram

A binciken da muka yi kan kuɗin da gidaje ke kashewa a Damagaram, lissafin Gini, ma'aunin da ke nuna girman tazarar samu tsakanin gidaje, ba shi ne ya wahalar da ni ba. Ka jera gidaje daga ƙaramin samu zuwa babba, ka ninka kuɗin kowane gida da lambar matsayinsa, ka tara, ka ninka da 2, ka raba da yawan gidaje sau jimillar kuɗin, sannan ka cire (n+1)/n, inda n yake nufin yawan gidaje. Corrado Gini ya fito da ma'aunin tun 1912, Excel kuwa na gama shi nan take.

Matsalar daga takardun tambaya ta fito. A unguwannin Birni da Zango, in ka tambayi maigida abin da ya kashe ya ce "ɗari biyu", dala yake nufi, wato sefa 1,000, tunda dala ɗaya sefa 5 ce. Wasu masu tambayarmu sun ninka da 5 kafin su rubuta, wasu suka rubuta yadda suka ji. Da kowa ya rubuta da dala, ba komai, don Gini bai damu da irin kuɗin ba muddin iri ɗaya ne. Gaurayawar ce ta ɓata aikin. Ɗauki gidaje 5, kowane na kashe sefa 50,000: Gini sifili ne. A rubuta biyu daga ciki da dala, su koma 10,000, sai Gini ya haura 0.28. Talaucin da babu shi!

Layin Lorenz, zanen da ke nuna rabon kuɗin tsakanin gidaje, bai tona asirin ba, lanƙwasarsa ƙalau take a ido. Ma'aunin Theil, wani ma'aunin tazarar samu, shi ne ya kama shi, domin shi ana iya tsaga shi gida biyu: bambancin cikin rukuni da na tsakanin rukunoni. Na kasa gidajen bisa mai tambaya maimakon unguwa, sai bambancin tsakani ya fito ƙato. Na koma kan farashin tiyar gero a kowace takarda, na tarar na wasu ya ninka na wasu sau biyar. Har yau abin na ci mini rai, don da an buga "sefa ko dala?" a saman kowane shafi, da ba mu sake bin gidaje ba.

Sauran tarkon ƙanana ne. Geron da manomi ya ci daga rumbunsa a yi masa kuɗi, in ba haka ba ya fito kamar ba ya da ko sisi. A raba kuɗin kowane gida da yawan bakunan gidan. Kada kuma a gwama namu da na ƙasar da ke auna kuɗin shiga: alƙaluman INS, hukumar ƙididdiga ta Nijar, a kan abin da gida ke ci da kashewa suke, Gini irin wannan kuwa yakan fito ƙasa da na kuɗin shiga.