Ƙwan fitilar falona a gidan haya, da yadda aka sauko da shi

Lokacin da aka yi mini canjin wurin aiki zuwa wata makarantar sakandare a wani ƙauye tsakanin Wudil da Gaya, na kama hayar ciki da falo a gidan wani dattijo mai sayar da hatsi, wanda yaro da babba suke kira Alhaji. Ginin bulo ne mai rufin kwano da silin, kuma magininsa ya ɗaga bango sosai domin ɗakin ya riƙa yin sanyi a watannin bazara. Da na auna daga daɓe zuwa silin, na sami mita 3 da santimita 20. Wannan tsayi rahama ne a watan Afrilu, amma da dare ya kan zama matsala, domin ƙwan fitila ɗaya tilo da ke falon yana rataye ne da wata guntuwar waya da ba ta wuce taƙi ɗaya ba, wato yana can mita 3 daga tabarmar da muke zama a kai.

Ni aikina na dare duba takardun ɗalibai ne, maiɗakina kuma tana ɗinkin hula, sana'ar da take bukatar ido ya ga kowane zare. Ta fi ni shan wahala, har ta kai tana kunna fitilar waya tana jingina ta da kofi kafin ta iya zura zare a allura. Ga kuma fanka, wadda aka rataye ƙasa da ƙwan, ta yadda idan tana juyawa fukafukanta suna yanka hasken, inuwa tana ta gilmawa a kan takarda har kai ya fara sarawa. Da farko na ɗauka ƙwan ne ba shi da ƙarfi, na cire shi na sa na LED mai wat 9, wanda haskensa ya yi daidai da na tsohon ƙwai mai wat 60. Bango da silin sun ƙara haske, amma tabarma tana nan kusan yadda take.

Abin kunya shi ne ni malamin kimiyya ne, kuma na sha koya wa ɗalibai cewa hasken da ke sauka a kan abu yana raguwa ne da nisan da aka ninka da kansa, amma sai da na yi wata biyu kafin na tuna da darasin a ɗakina. Na ɗauki biro na yi lissafi. Idan ƙwan ya sauko daga mita 3 zuwa mita 2 da santimita 10, hasken da ke faɗowa kai tsaye a kan tabarmar da ke ƙarƙashinsa zai ninka sau biyu, a kan teburina kuwa mai tsayin santimita 75 zai kusa ninkawa sau uku, ba tare da kuɗin wuta ya ƙaru da ko kwabo ba.

Wata ranar Asabar da hantsi, da na ga an ɗauke wuta tun daren jiya, sai na ce bari in yi aikin da kaina. Na ɗora kujera a kan tebur na hau, na miƙa hannu ina kwance murfin farin faifan roba da wayar take fitowa daga cikinsa, wanda masu gyaran wuta suke kira silin roz. Ina cikin haka sai na ji yara a waje sun ɗauki ihu an kawo wuta, kafin in ankara fankar da muka manta ba mu kashe ba ta fara juyawa, fiffikenta na farko ya goge mini hula ya jefar da ita bayan ƙofa. Na durƙusa a kan kujerar ina salati har maiɗakina ta rugo daga madafa ta kashe makunni. Da a ce na riga na buɗe murfin yatsuna suna kan tagulla, da wuta mai ƙarfin bolt 230 ce za ta same ni ina tsaye a kan kujerar da ke kan tebur. Na sauko ban ƙara taɓa komai ba.

Da na natsu sai na ga akwai kuskure na biyu wanda tsoro ya rufe mini, wato na hau zan kwance kayan da ba nawa ba, ban kuwa gaya wa mai su ba. A nan ƙauye ba mu rubuta yarjejeniyar haya ba, magana ce aka yi a gaban mai unguwa aka biya kuɗin shekara, saboda haka abin da ke riƙe da zaman shi ne mutunci. Wayar da ta zo daga falwaya zuwa mita hurumin KEDCO ce, kamfanin da ke rarraba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, amma duk abin da ya shigo cikin gida, daga babban makunni har zuwa mariƙin ƙwai, dukiyar mai gida ce. Bayan sallar la'asar na same shi a zaure, na durƙusa na gaishe shi.

"Baba Alhaji, wata alfarma nake nema. Ƙwan falo ya yi mana nisa, ina so a ƙara masa waya ya sauko, ni zan biya, kuma ranar da zan tashi a mayar da shi yadda na same shi."

Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce, "Malam, ba za a fasa mini silin ba ko? Wanda ya zauna kafin kai sai da ya huda bango uku domin rataya hotuna."

Na tabbatar masa cewa kusa ɗaya kaɗai za a ɗaura a jikin katako. Ya yarda, da sharaɗin cewa yaron da ya saba yi masa aikin wuta ne zai yi, kuma na ga hikimar sharaɗin, domin idan wani abu ya faru daga baya, ba za a ce baƙo ne ya kawo wanda ya ɓata ba.

Maƙwabcina, da ya ji labari, ya ce ai abin bai kai a kira kowa ba, a yanke wayar a tsakiya, a murɗa wata a ƙara, a naɗe da salatif, shi ke nan. Haka ake yi a gidaje da yawa, kuma ina ganin wannan ita ce hanya mafi muni, domin wayar da ke rataye tana ɗauke da nauyi, iskar fanka tana kaɗa ta dare da rana, murɗin yana sassautawa a hankali, inda kuwa haɗi ya sassauta nan yake ɗaukar zafi har ya yi tartsatsi. Salatif kuma ba ya jure zafin da ke taruwa a ƙarƙashin kwano, gam ɗinsa narkewa yake yi ya zame. Abin da ya dace shi ne a cire guntuwar wayar gaba ɗaya, a sa sabuwa doguwa wadda ba ta da haɗi ko ɗaya tun daga silin roz har zuwa mariƙi.

Ranar Juma'a, da yake ranar kasuwar Wudil ce, na sayo mita biyu na waya mai laushi mai kaurin murabba'in milimita 0.75, da sabon mariƙi irin na fil biyu domin ya dace da ƙwan da nake da shi, da ƙugiya mai ɗauri, da wata 'yar hular fitila ta roba. A ƙa'idar aikin wuta ta Ingila, waya mai wannan kauri tana iya ɗaukar nauyin kilo 3, kayan nawa kuwa duka ba su kai rabin kilo ba.

Washegari yaron ya zo da tsani na gaske. Kafin ya kashe komai sai ya ce in kashe makunnin falo kawai, ya hau ya cire ƙwan, ya taɓa tasta a ɗaya daga cikin fil ɗin mariƙin, sai ga jar wuta ta kama a cikin tastar. Ya juyo ya ce, "Malam, ka gani? An kashe, amma akwai wuta." Wanda ya yi aikin tun farko ya ɗora makunnin ne a kan baƙar waya, wadda ita ce ta komawa, ya bar ja, mai ɗauke da wuta, ta wuce kai tsaye zuwa ƙwai. Fitila tana mutuwa idan an kashe, saboda haka babu wanda ya taɓa lura. Daga nan ya sauko ya je zaure ya kashe babban makunnin gidan, ya zare fiyus ya jefa a aljihun wandonsa domin kada wani ya zo ya kunna yana sama, ya leƙa ya tabbatar janareton ɗan Alhaji a kashe yake, sannan ya dawo ya sake gwadawa da tasta kafin ya sa hannu.

Sauran aikin bai ɗauki rabin sa'a ba. Sabuwar wayar launinta ruwan ƙasa da shuɗi ne, saboda haka ya haɗa ruwan ƙasa da ja, shuɗi da baƙi, ya lanƙwasa kowace a kan ƙananan maratayan da ke cikin silin roz domin nauyin ya sauka a kansu ya bar kusoshin tagulla su huta. Wurin da ya tsaya ya yi tunani shi ne fanka. Faɗinta inci 56 ne, wato kowane fiffike yana kai santimita 70 daga tsakiya, silin roz kuwa mita ɗaya ne daga tsakiyar, ke nan idan wayar ta sauko a miƙe santimita 30 ne kacal zai raba ta da bakin fiffike. Sai ya ƙwanƙwasa silin da gindin sukudireba har ya ji inda katako yake, ya ɗaura ƙugiyar a can wajen teburina, ya ja wayar ta bi ta kanta sannan ta sauko. Wajen tsayi kuma ni na tsaya a ƙasa sanye da babbar riga, na ɗaga hannu kamar zan gyara ta a kafaɗa, muka tsayar da ƙwan inda ba na taɓa shi.

Batun makunnin da ke kan baƙar waya ban yarda a gyara shi a ɓoye ba, na kira Alhaji ya ga tastar da idonsa. Ya ce a juya shi, a kuma duba sauran ɗakunan, shi zai biya wannan.

Yanzu hasken yana ƙasa da fanka, gilmawar inuwa ta ƙare, maiɗakina tana zura zare ba tare da fitilar waya ba. Hular robar ta hana ƙwan kashe ido, sai dai ta sa saman bango da kusurwar da ke bayan ƙofa sun ɗan yi duhu. Da damina ta sauka kuma muka gano wani abin da lissafina bai hango ba, wato ƙwarin da a da suke taruwa can sama yanzu a kan teburina suke zubowa, har dole muka mayar da cin tuwon dare zuwa ɗaya gefen falon. Tsohuwar guntuwar wayar da mariƙinta na naɗe su a leda na sa a cikin akwatin takarduna, ko da yake Alhaji, da ya shigo ya ga falon da dare, ya ce idan zan tashi in bar masa shi haka, ya kuma aika a kira masa yaron ya zo ya auna zaure.