Yadda nake ƙwato ƙwayoyin washi daga tsofaffin fayafayan giranda

Idan faifan giranda ya cinye, guntun da ya rage a jikin zoben ƙarfe cike yake da ƙwayoyin alumina ko silikon kabaid, wato ƙwayoyi masu tsananin tauri da ke yin washin, waɗanda sai an hura tanderun lantarki ya kai wajen digiri 2000 a ma'aunin Celsius ake samar da su. A yawancin fayafayan, abin da ya riƙe su ƙaron roba ne kawai, shi kuwa wuta tana cin sa tun ƙwayoyin ba su ji komai ba.

Kafin in kunna wuta, sai na zauna na karanta lambar da ke jikin kowane faifai. Harafin A alumina ne, C silikon kabaid. A ƙarshen lambar, B ko BF na nufin ƙaro ne ya haɗa shi, irin wanda nake nema ke nan. Mai V kuwa da narkakken gilashi aka gasa shi, ko kwana ya yi a tanderuna haka zai fito, don haka gefe nake tura shi. Ba na kuma haɗa A da C, domin in sun gauraya babu rariyar da za ta raba su.

Ina farfasa su da guduma, in ɓamɓare zoben, in baje guntayen a faranti ba tare da wani ya hau wani ba. A hankali nake ɗaga zafin zuwa tsakanin digiri 500 da 600. Babban abin da aikin ya koya mini shi ne iska ta fi ƙarin zafi amfani. Inda iska ba ta ratsa ba, ƙaron gawayi yake zama, baƙi ƙirin, ya manne wa ƙwayoyin. Inda ta ratsa kuwa, ka ɗauki guntun bayan ya huce, ka murza da yatsu biyu, sai ya wargaje kamar busasshen yashi, ragar zaren gilashin da ke ciki ta zare a sauƙaƙe. Masu gaggawa suna ƙara wuta, ni ban ga ribar hakan ba: da an haura digiri 800 zaren gilashin ya fara laushi yana liƙe ƙwayoyi, aiki ya dawo sabo.

Hayaƙin fa ba na wasa ba ne. Akwai sinadarai masu guba, finol da fomaldihaid, a ciki, wasu fayafayan kuma ana zuba musu sinadarai masu sulfa ko fulorin. Ba na yi sai da bututun fitar da hayaƙi da takunkumi mai matata, ba ƙyallen rufe hanci ba.

Sauran aikin mai sauƙi ne: maganaɗisu ya kwashe garin ƙarfe, a wanke toka, a shanya, a tankaɗe manya daban, ƙanana daban. Ba na yarda a mayar da su sabon faifai mai gudu, don ba su kai sababbi tsabta da daidaiton girma ba, kuma faifai in ya tarwatse yana juyi, raunin ba ƙarami ba ne. Wajen feshin kankare tsatsa nake amfani da su, ragowar kuma a barbaɗa a fentin matakala don hana santsi.