Wa ya kaɗa fiyanon nan?

Shagona ƙarami ne, a kudancin birnin Shikago. Mu uku ne a ciki: ni, da yaron da ke kula da kwamfuta, da wata baiwar Allah da ke riƙe mana lissafi. Sana'armu tsofaffin faya-fayan garmaho masu juyi 78 a minti. Muna saye, muna sayarwa, muna wanke na mutane mu kwashe musu sautin zuwa kwamfuta. Amma tambayar da ta fi kawo mana jama'a guda ce: wa ya kaɗa fiyanon nan?

Kamfanonin da suka ɗauki kiɗan baƙaƙen fatar Amurka a shekarun 1920 ba su damu da sunan makaɗi ba. Sai ka ga sunan mawaƙiya da manyan baƙi a takardar tsakiyar faifai, a ƙasa an ce da rakiyar fiyano, shi ke nan. Alhali mutumin ya sha wuya kafin ya kai nan. Da yawansu a sansanonin masu yankan katako na gabashin Texas da Louisiana suka koyi hannu, a rumfunan shaƙatawa da ake kira barelhaus, inda babu ganga babu kowa, hannun hagun makaɗi ne ke riƙe masu rawa har asuba. A ɗauki kiɗansa, a ba shi kuɗin ranar, ya kama gabansa. Wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya har yau.

Wanda aka rubuta suna ma, ba lallai nasa ba ne. Makaɗin fiyano Roosevelt Sykes ya fito a faifan kamfanin Victor da sunan Willie Kelly, a na Paramount kuma Dobby Bragg, wani wurin Easy Papa Johnson, don ya samu damar yi wa kamfanoni da dama aiki a lokaci guda.

Idan faifai ya zo hannuna, ba na garajen ɗora shi a kan na'ura. Tocila nake ɗauka da gilashin ƙara girma, in karkata faifan, in leƙa santsin da ke tsakanin layin ƙarshe da takarda. Nan aka zana lambar uwar faifai, wato faifan asali da ake buga sauran daga gare shi, wani lokaci da ƙaramar lamba a gefe mai nuna ɗauka ta nawa ce. Sannan wanki, da tataccen ruwa da burushi mai laushi. Sifirit ko kusa ba ya zuwa, domin yana narkar da ƙaron da aka yi faifan da shi. Allura ma tata daban ce, ta fi ta faifan zamani kauri. Juyin kuma da wuya ya tsaya cif a 78, sai na riƙa ƙarawa ina ragewa har sautin fiyanon ya zauna daidai.

Lambar nan ita ke kai ka ga kundin kamfani, in kundin ya tsira. Na kamfanin Gennett, da ke Richmond a jihar Indiana, ya tsira, shi ya sa muka san ranar da ƙungiyar King Oliver ta shiga ɗakinsu na ɗaukar kiɗa a watan Afrilun 1923, da Louis Armstrong yana matashi, Lil Hardin a kan fiyano. Paramount ce ciwon kai. Asalinsu kamfanin ƙera kujeru ne a jihar Wisconsin, sun daina ɗaukar kiɗa a 1932, yawancin takardunsu sun ɓace, kuma kayan da suka yi faifan da su na araha ne, ƙara ta fi kiɗa yawa. A nan sai kunne.

Hannun hagu nake saurara, domin shi ne ba ya ɓoye mai shi. Wasu suna da tambari a fili: Jimmy Yancey kusan kowane kiɗa a matakin sauti ɗaya yake rufe shi, ko daga ina ya faro. Amma kunne yana yaudara. Waɗannan mutane sun koya daga juna. Salon da Sykes ya ɗauka a 1929 da sunan "44 Blues" daga Lee Green ya samo shi, shi kuma Green daga Little Brother Montgomery. Ka ji wannan juyin hannu a faifan da ba suna, ta yaya za ka rantse cikin ukun wane ne? Kafin a fara ɗauka da makirufo a 1925 abin ya fi muni, fiyano can baya yake da ƙyar ake jinsa. Shi ya sa har gobe ake gardama kan wanda ya raka mawaƙiya Mamie Smith da fiyano a "Crazy Blues" a 1920, Willie "The Lion" Smith ne ko Perry Bradford, kowannensu ya ce shi ne.

Don haka takardar da nake ba mai faifai hawa uku ce: tabbas, ko mai yiwuwa, ko ba a sani ba. Ta ukun ce ke jawo mini ɓacin rai. Wani dillali ya taɓa matsa mini in rubuta sunan wani shahararre, don farashin ya ninka. Na ƙi, ya kwashe kayansa. Sunan ƙarya in ya hau intanet, kowa kwafa yake, bayan 'yan shekaru ya zama gaskiya, ainihin makaɗin kuma an sake danne masa haƙƙi.

Masu gadon faya-fayan iyayensu su ne na fi jin daɗin aiki da su. Wata dattijuwa ta kawo na mahaifinta a kwali, jibge a kan juna, biyu sun riga sun tsage. Na ce mata, "Mama, a tsaye ake jera su, kowanne cikin rigarsa, nesa da zafi." Yanzu duk wanda ya kira, kafin ya ɗauko kaya nakan ce ya ɗauki hoton takardar da na lambar ya turo mini, don sau da yawa daga nan ma an gano makaɗin.