Kyamarar yarwa (wadda ake amfani da ita sau ɗaya) a wajen biki, a raba wa baƙi ko a bari?

Gaskiya ina son abin nan da Turawa ke yi na ajiye ƙananan kyamarori a teburin baƙi ranar biki, irin su Fujifilm QuickSnap da Kodak FunSaver, yawanci hoto 27 ne a kowace, ba allo ba gogewa, abin da ka ɗauka shi kenan sai an wanko. Mai hoto yana can yana bin amarya da ango, ina zai ga goggo a baya tana share hawaye da bakin mayafi, amma wadda ke zaune kusa da ita ai za ta gani.

Sai dai fa filashin bai wuce kamar mita 3 ba, a hol ɗin dina in an manta ba a kunna shi ba hoton baƙi ƙirin zai fito, ga neman inda ake wanke fim yanzu wahala ce. Ni dai da za a ji tawa, a sayi kaɗan a ba ƙawayen amarya ranar kamu ko sa lalle da rana a tsakar gida, kar a bar wa yara, kuma a sa mutum ɗaya ya tattara su kafin a watse.