Gilashin kyamara da na saya don tsuntsayen Amurum

'Yan'uwa masu koyon ɗaukar hoto, barkanmu da sanyin Jos. Na yi alkawarin zan ba ku labari idan na sayi gilashin jawo nesa, to ga shi Allah ya nufa.

Kyamarata Nikon D5300 ce, da ɗan gilashin 18-55mm ta zo. Shi na riƙa zuwa da shi dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI take, ina neman ɗan jan tsuntsun nan na kan duwatsu wanda sai a 1998 masana suka tabbatar jinsinsa daban ne. Na gan shi da idona sau biyu. A hoto kuwa, kamar an ɗiga manja a kan dutse. Wannan ya tsaya mini a rai ƙwarai.

Gilashin jawo nesa na kamfanin kyamarar ya fi ƙarfin aljihuna, sai na koma kan na kamfanonin Sigma da Tamron. Zuciyata ta fara kwantawa da Sigma 150-600mm Contemporary, har wani abokin tafiya ya ara mini nasa wata safiya. Kai, yana jawowa! Amma nauyinsa ya kusa kilo 2, kuma kafin mu kai saman dutsen kafaɗata ta gaji, hannu na rawa. Mai sandar ɗora kyamara zai more shi. Ni da nake hawa dutse da ƙafa, na haƙura.

Na tsaya kan Tamron SP 70-300mm f/4-5.6 VC, na hannu. Gram 765 ne kacal. A kyamara irin tawa ana ninka lambar mm ta gilashin, wato ƙarfin jawowarsa, sau ɗaya da rabi, don haka 300mm yana ba ni kamar 450mm. Harufan nan VC su suka sa na biya ba gardama, su ne ke rage rawar hannu. Sigma kuma OS suke kiran nasu. Kana taɓa maɓalli sai ka ga reshen da ke tsalle a ido ya tsaya cak.

Wajen saye ku buɗe ido. Na farko da aka miƙo mini, tsoho ne mai araha, na ɗaura shi, shiru, bai saita kansa ba. Dalili shi ne D5300 da ire-irenta ba su da motar saiti a jikinsu, dole gilashin ya zo da tasa. Na biyu kuma da na haska tocilar waya ta bayansa, sai ga fumfuna ta yi saƙa kamar yanar gizo-gizo. Mai shagon ya ce, "Alhaji, ai gogewa za a yi." Na ce masa, "Malam, wannan a ciki take, ba a waje ba." Ku tafi da kyamararku, ku gwada a gabansa.

Abin da na koya a mako uku: a 300mm, idan na rage buɗewar kafar da haske ke shiga gilashin zuwa f/8 gashin tsuntsu ya fi fitowa tas. Kuma VC hannuna yake riƙewa, ba tsuntsun ba, saboda haka ba na barin saurin ɗaukar hoton ya sauka ƙasa da 1/500 na daƙiƙa sai in kurciya ce zaune. Shirwa a sama har yanzu tana kufce mini, goma in samu ɗaya.

Yanzu hunturu ne, gilashin kuma yana miƙewa yana komawa, yana iya zuƙar ƙura, shi ya sa nake goge jikinsa kafin in mayar da shi, ba na kuma canza gilashi a fili. Ranar Asabar da asuba zan koma Laminga, in zauna kusa da dutsen da na ga jan tsuntsun nan, in jira.