Miyar taliya: yau ruwan gindin faranti bai fito ba

Alhamdulillahi 'yan'uwa, yau dai an dace. Na zuba taliya, aka ci har aka kusa cinyewa, na karkata farantin da gangan in gani, babu tsararon ruwan nan da ke gangarowa gefe. Miyar ta kama kowane silin taliya, ja jawur, tana sheƙi. Sai da na zagaya da farantin na nuna wa kowa a gidan.

Duk wadda ta gwada miyar tumatir irin ta Italiya, wadda ba tattasai ba dunƙule, ta san abin da nake nufi. A tukunya za ki ga ta yi kauri, ranki fes. Ana zubawa a kan taliya, kafin a kai loma ta uku tsokar ta tsaya a sama, ruwa ya kwanta a ƙasa. A dage-dage ba ma ganin haka, domin muna soya kayan miya cikin mai har ruwan ya ƙone, tattasai kuma yana ba da jiki. Ita wannan kuwa man cokali uku ne ko huɗu, sauran duk tumatir ne zalla, aibi ba shi da wurin ɓuya.

Abin ya daɗe yana cin raina. Na ƙara mata lokaci a wuta, ta koma ruwan ƙasa-ƙasa, ƙanshin tumatir ya gudu, gas ya tafi, ga kilon gas ɗin ya haura naira dubu. Kuma duk da haka ruwan ya fito. Na ƙara tumatirin leda, ta yi kauri amma ɗanɗanon ya zama na leda. Sai na koma kan irin tumatir. A kasuwar Farin Gada ta nan Jos wani dattijo da nake ciniki wurinsa ya ɗauki dogon tumatirin nan da ake kira UTC guda, ya tsaga da babban yatsa, ya miƙo mini. "Duba Hajiya, tsoka ce zalla, 'ya'yan ma kaɗan ne." Gaskiyarsa, dogon tumatir mai tauri ya fi zagayayyen nan mai ruwa nesa ba kusa ba. Su ma Italiyawa dogo suke nema, San Marzano, wanda ake nomawa kusa da birnin Napoli a gindin dutsen Vesuvius. Amma ko wane iri kika saya, wajen kashi 94 cikin ɗari na jikinsa ruwa ne. Rabuwar ta ragu, ba ta daina ba.

Ƙanwar maigidana ce ta warware mini, ita kimiyyar abinci ta karanta. Ta tarar da robar markaɗe a ajiye a ƙofar kicin, sai ta ce, "Anti, ɗanye kike markaɗawa?" Na ce to da yaya ake yi? Ta nuna mini robar. Tun a nan ma tsoka ta taso sama, ruwa garai-garai ya kwanta a ƙasa.

Ga bayanin yadda na fahimce shi. A jikin tumatir akwai wani sinadari mai danƙo, pektin, shi ke riƙe ruwa da tsoka wuri guda. Akwai kuma waɗansu sinadarai, inzayim, da ke tsinka wannan danƙon, kuma da zarar an farfasa ɗanyen tumatir sun kama aiki. To ku lissafa: an aiki yaro wurin mai inji, ya bi layi, mai inji ya ɗauraye injinsa da ruwa ya juye a ciki, yaro ya dawo, roba ta jira ki gama yanka albasa, sannan a juye a tukunya mai sanyi ta ɗumama sannu a hankali. Kafin ta tafasa an gama ɓarna, kuma dogon dahuwa ba ya mayar da danƙon da ya tsinke. Zafi mai ƙarfi ne kaɗai ke kashe inzayim ɗin, digiri 85 zuwa sama, kuma da sauri. Shi ya sa kamfanonin da ke son tumatirin gwangwani mai kauri suke ba shi wuta nan take ana farfasawa.

Yadda na yi yau, ban je injin ba sam. Tukunya mai faɗi, wuta sosai. Na yanka guda biyar gida huɗu-huɗu na jefa, na danne su da bayan ludayi har suka fara tafasa cikin ruwan jikinsu. Daga nan ina yanka ina jefawa, kaɗan-kaɗan, ba na bari tafasar ta tsaya. Kada ki yanka duka ki tara a daro, nan ma ɓarnar za ta fara. Da na gama jefawa na ba shi kamar minti goma, na sauke, na murje a rariyar ƙarfe. Wannan murzar ce wahalar, dantsena har yanzu ciwo yake. Amma abin da ke ɗiga ta ƙasan rariya ya bambanta tun a ido: santsi, kauri kamar kunun gyaɗa, ba ya rabuwa ko an ajiye. Ɓawo da 'ya'ya suka rage a sama, kusan a bushe. Su ɗin ne blanda ke niƙewa su kawo ɗan ɗacin nan, iskar da take bugawa ciki kuma ta mayar da jan miya ruwan lemo.

Sauran kun sani. Tafarnuwa a mai, kada ta yi ja, a juye tumatir, gishiri, rabin albasa da karas guda a jefa a dunƙule, wuta kaɗan, tukunya a buɗe, minti arba'in, a tsame su. Man gyaɗa na sa. Ƙaramar kwalbar man zaitun da na saya a baya kuɗinta ya kusa sayen tumatirin gaba ɗaya, yanzu ɗigo kawai nake yi a ƙarshe. Ɗoɗɗoya ta fi ganyen da Italiyawa ke sawa ƙarfi, ganye uku sun isa. Kanwa kuma ban yarda da ita a nan ba, ko an ce tana kashe tsami. Tana kashewa, amma tana dusashe launi, ta kwantar da ɗanɗanon gaba ɗaya. Nunannen tumatir da karas ɗinmu na Jos sun wadatar.

Na so in yi muku bayanin ajiya yau, amma dole in taɓa taliyar kanta, domin rabin ruwan faranti daga nan yake zuwa. Don Allah a daina wanke ta da ruwan sanyi. Wankin yana ɗauke sitacin da miya ke mannewa a kai. Ki tsame ta da sauran ɗan tauri, ki jefa cikin miyar, ki ƙara rabin ludayi na ruwan dahuwarta, ki yi ta juyawa a wuta minti biyu. A nan Jos muna kan tudu, mita 1,200 da wani abu sama da teku, ruwa yana tafasa a wajen digiri 96, saboda haka lokacin da aka rubuta a leda kan ɗan gaza mana. Ki ciza ki ji.

Abin da ke gabana shi ne kwalabe. Tun 2016, da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna farashi ya haukace, nake da burin in riƙa ajiyewa lokacin arahar noman rani. Firiza ba abin dogaro ba ce da wannan wuta tamu. Sai dai miyar da aka sa wa mai da tafarnuwa ba a ajiye ta a kwalba a kan kantar kicin, tana iya haifar da guba mai kisa ba tare da ta yi wari ba. Tatacce zalla ake ajiyewa, a ƙara ruwan lemon tsami babban cokali biyu a kowace lita, a dafa kwalaben a rufe cikin ruwa mai tafasa. Murafun da ke kamawa gam nake nema yanzu. Ranar Asabar, in Allah ya kai mu, zan leƙa kasuwar Taminus.