Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da aka ce mini "Yallaɓai"

A makon jiya na tsaya a inda mai maɗaba'ar da muke aiki ya yi layar zana, da albashinmu na wata uku a kansa, wayarsa kuma a kashe. Ya bar mana injuna biyu, da ɗakin ajiyar takarda da ya kusa zama fayau, da ayyukan mutane waɗanda ya riga ya karɓi rabin kuɗinsu. Mu 17 muka rage. Kwana biyu muna zuwa mu zauna a bakin ƙofa muna kallon juna. A rana ta uku Baba mai gadi ya zaro mabuɗi daga aljihu, ya ce, "Ni dai gadin gini aka ce in yi. Ba wanda ya ce in hana inji juyawa."

Kafin in ci gaba, bari in gaya muku irin mutumin da nake a lokacin, don kada ku yi mini uzurin da ban cancanta ba. Shekarata 24, kaina cike da karatu, bakina kuma ba ya hutawa. Wanda ya cika mini kan shi ne dattijon da ke duba kurakuran rubutu kafin a buga, wanda kowa ke kira Malam. Wani dare ya ɗauki takardar da inji ya ɓata, ya juya bayanta, ya ja layi guda, ya ce wannan yinin aikinka ne. Ya raba layin biyu. "Daga nan zuwa nan ka riga ka samar da abin da za a biya ka. Daga nan zuwa tashi kuwa, wa kake yi wa?" Ya ce jigon littafin da masani Karl Marx ya fitar a kan jari-hujja a 1867 ke nan, sauran duk sharhi ne. Tun daga ranar ban sake kallon agogon bango kamar yadda nake kallonsa a da ba.

Amma abin da Malam ya fi ƙauna ba littafi ba ne, labarin birnin Paris ne na 1871. Daga 18 ga Maris zuwa 28 ga Mayu, kwana 72, talakawan birnin suka riƙe mulkinsa da kansu bayan gwamnati ta tsere zuwa Versailles. Sun hana aikin dare a gidajen gasa burodi. Sun ƙayyade cewa babu jami'in da zai karɓi fiye da faran 6,000 (kuɗin Faransa) a shekara. A 16 ga Afrilu suka yi dokar da ta ce a ƙidaya masana'antun da masu su suka gudu suka bari, domin a miƙa su ga ƙungiyoyin ma'aikatansu. Sannan duk wanda aka zaɓa, waɗanda suka zaɓe shi suna iya tsige shi kowane lokaci. A makon ƙarshe sojoji suka shiga suka kashe dubban mutane. Na haddace duk wannan kamar karatun jarrabawa. Dokar 16 ga Afrilu ce ta fi burge ni. Zancen tsigewa kuwa na ɗauke shi ɗan ƙarin bayani ne kawai.

Saboda haka da aka buɗe ƙofa, ni na hau kan tulin takarda na yi jawabi. Na ce yau mun fita daga jari-hujja, na ce babu sauran ubangida, na ce abubuwa da yawa da yanzu idan na tuna sai in rufe fuska. Aka tafa. Aka ɗaga hannu aka ba ni littafin lissafi da mabuɗin akwatin kuɗi, tunda ni ne mai baki kuma na ɗan iya lissafi.

Makonni huɗun farko, gaskiya, ban taɓa ganin aiki irinsu ba. Mai kula da babban inji, wanda a da sai an yi masa tsawa yake share shi, ya kwana biyu yana kwance shi yana mayarwa, har ya gano abin da ya sa yake cin tawada. Muka kammala ayyukan mutane, suka biya ragowar kuɗi, muka raba daidai.

A mako na biyar na zauna da littafin da daddare, lissafi ya ƙi fita. Takarda ta ƙare, mai sayar mana ya ce ba zai ba da bashi ga wurin da ba shi da mai shi ba. Idan na raba kuɗin kamar yadda muka saba, Litinin babu abin da za a sa wa inji. Idan na sayi takarda, kowa zai koma gida da kashi biyu cikin uku. Na ce a raina idan na kai maganar gaban jama'a za a yi ta ce-ce-ku-ce har gari ya waye, wasu kuma ba za su gane ba. Wannan "ba za su gane ba" ɗin, ku riƙe shi. Na sayi takarda. Ranar biya na ce wani ne bai kawo kuɗinsa ba tukuna. Mako na gaba na sake yi. Har na fara rubuta sunan mai makara a gefen shafi da jan biro, na kuma koma zama a ofishin mai gidan, wai don ya fi shiru.

Akwai wata mata a sashen naɗe takarda da ɗinkin littafi, ta girme ni sosai, Yaya muke ce mata. Ta fi shekara goma a wurin, ba ta taɓa zuwa zaman karatun da muke yi da Malam ba. Wata safiya ta tsaya a bakin ofishin, ba ta shigo ba, ta ɗan rusuna yadda muke yi wa mai gidan, ta ce, "Yallaɓai, ina neman izinin fita da azahar, yaro ba lafiya." Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, wane irin Yallaɓai kuma?" Ba ta yi dariya ba. Ta dubi kujerar, ta dubi littafin da na rufe da tafin hannu ba tare da na sani ba, ta ce, "To wa zan tambaya?"

Da yamma na sami Malam yana bin layi da fensir. Na zayyana masa komai ina jiran ya ce na yi daidai. Bai ɗago ba ya ce, "Sayen takardar ba laifi. Wa ya ga littafin ban da kai?" Na yi shiru. Sai ya ajiye fensirin. Ya ce a Rasha kalmar Sobiyet asalinta majalisar ma'aikata take nufi. An ƙwace masana'antu daga hannun masu jari, amma ma'aikaci bai sami ganin littafi ba, hannu kawai littafin ya canja. A Maris 1921 sojojin ruwa na Kronstadt, waɗanda da su aka yi juyin juya halin Rasha na 1917, suka nemi a sake zaɓen majalisun cikin 'yanci, aka murƙushe su da bindiga. "Su ma masu murƙushewar, ɗana, cewa suka yi jama'a ba za su gane ba."

Ya ba ni labarin manoman Valencia a Sifaniya, waɗanda ɗaruruwan shekaru suke raba ruwan ban-ruwa a tsakaninsu. Duk ranar Alhamis alƙalan da suka zaɓa daga cikinsu suna zama a ƙofar babbar majami'ar birnin, a fili, a yanke hukunci da baki kowa yana ji. Daga baya na san cewa irin waɗannan wurare ne wata masaniya 'yar Amurka, Elinor Ostrom, ta bi ta nazarta har aka ba ta kyautar Nobel a 2009, kuma cikin abin da ta gano akwai cewa dukiyar tarayya tana ɗorewa ne idan masu amfani da ita suna da hannu a dokokinta, kuma mai sa ido shi ma ana sa masa ido.

Na yi masa gardama guda, kuma har yau ina ganin ina da gaskiya a cikinta. Na ce ko littafin a buɗe yake, mai takarda ba zai sassauta ba. Mun kori ubangida daga ɗaki, amma kasuwa tana nan a waje tana ba mu umarni. Ko ƙungiyoyin gama-kai na Mondragon, da aka fara a 1956 a yankin Basque na Sifaniya, inda kowane mamba ke da ƙuri'a ɗaya, ba su tsira daga wannan ba: kamfaninsu na kayan lantarkin gida, Fagor, ya durƙushe a 2013. Malam ya ce haka ne, wannan babbar tambaya ce, shi ma bai gama da ita ba. "Amma ba ita aka yi maka yau ba."

Washegari na yage shafukan makonni biyun, na manna su a bango kusa da babban inji da gam ɗin ɗaurin littafi. Aka taru. An yi hayaniyar da na ji tsoro, har ma ta fi, wani ya kira ni ɓarawo, sai da Baba mai gadi ya shiga tsakani. Bayan awa uku aka ɗaga hannu kan zancen takarda: mutum 12 suka ce a ci gaba da saya a rage rabo, daidai abin da na yi a ɓoye. Aka sake ɗaga hannu kan wanda zai riƙe littafi. Wannan karon 15 suka ce in sauka, har da Malam, wanda ya ɗaga nasa yana kallona cikin ido. Aka ba Yaya, da sharaɗin duk Asabar za a manna lissafi a bango, kuma mabuɗin akwati yana hannun wani daban.

Na koma kan injin yankan takarda. Kwana tara da haka wani mutum mai jaka ya zo yana tambayar wane ne shugaba a nan, aka nuna masa bangon. Ya daɗe yana karantawa, sannan ya ciro wasiƙa daga lauyan bankin da ashe mai gidan ya jinginar wa injunan biyu. Abin da ke cikinta sai mako mai zuwa.